Ranar da Aka Kife Turame a Tsamiyar Fito

A Tsamiyar Fito, ƙauyenmu da ke bakin ruwa tsakanin Auyo da Haɗeja, ko yaron goye ya san Zarami mai fito ne ya ba da samarin gari ga sojan Turawa. Haka na tashi na ji ana faɗa a bakin rijiya da gidan suna. Ni ma na faɗa. Har rubuta shi na yi da hannuna na aika wa ɗan mutumin, alhali shi ne wanda nake so.

Wata a cikinku ta rubuto mini a ƙarƙashin labarin makon jiya, ta ce, "Hajiya Saude, ke kullum sai gyara wa mutane zance, ba ki taɓa yin abin kunya ba ne?" Na yi, 'yar nan. Shekarata tamanin da huɗu, talatin da biyar daga ciki a gaban allo na yi su, ina koya wa 'ya'yan mutane kada su haɗiyi magana sai sun bincika. To ni na bincika, na samo, sannan na haƙa rami na binne abin da na samo. Ku gyara zama.

Ga yadda ake ba da labarin a garinmu.

A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙin da tsofaffinmu ke kira yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, labari ya iso cewa soja na tafe ɗiban samari. Ba wanda ya yi zancen faɗa, don kakanninmu sun ga abin da bindigar Bature ta yi wa Haɗeja. Abin da muke da shi ruwa ne. Damina ta yi kyau a shekarar, kogi ya malale fadama har ba ka ganin ƙarshensa. Samari ashirin da 'yan kai suka hau gora, irin manyan nan da masunta ke kifa ciki a kai su yi iyo, suka haye Tudun Ɗinya, wani tsibiri a tsakiyar ciyawar burugu wanda baƙo ba zai taɓa gane hanyarsa ba. Duk mai jirgi ya cika jirginsa da laka ya nutsar. Mata kuma suka kife turame, gari kaf. Sharaɗin shi ne, muddin soja na nan, taɓarya ba za ta taɓa turmi ba, sai niƙa a dutse. Ƙarar daka tana tafiya a kan ruwa fiye da kiran mutum. In samari sun ji shiru, su yi zamansu. In sun ji lugude, soja sun tafi, su dawo gida.

Soja suka zo, Bature ɗaya da saje da wasu goma sha wani abu. A sayar musu da kaza, babu. Ƙwai fa? Kajin sun daina. Jirgi fa? Ruwa ya tafi da su. Ina samari? Sun tafi cin rani.

"Cin rani da damina?" in ji saje.

"Mu ma haka muka ga sun yi," in ji tsofaffi.

Sai suka kama mahaifina, Malam Shu'ibu, wanda ƙafarsa ɗaya ta shanye tun yana yaro, shi ya sa bai bi samari ba. Suka ɗaure shi a dandali cikin rana kwana uku, wai sai ya faɗi inda suke. Bai ce uffan ba. Wannan kam gaskiya ne, tabon igiya na wuyan hannunsa har ya koma ga Allah. A rana ta huɗu, in ji labarin, Zarami ya tono jirginsa ya yi fiton soja, aka kwashe samari goma sha ɗaya. Shi ma suka haɗa da shi, ladansa ke nan. Biyar suka dawo daga yaƙi. Zarami ba ya cikinsu.

Shekarata biyu a lokacin. Sai mu tsallaka zuwa 1958, na gama horon malanta a Kano, an turo ni koyarwa Haɗeja, ina zaune gidan gwaggona. Ina ji da kaina ba kaɗan ba: takalmi sau-ciki, agogo a hannu, ɗaurin kallabi irin na 'yan birni mai karkata gefe. Na kai wa wani tela a kasuwa atamfa shuɗiya mai zanen ganye. Sunansa Ja'afaru, dogo, mai wushirya, rumfarsa ta uku daga 'yan goro. Da na karɓo rigar na sa, sai na ji wani abu na sukata a kalmasar wuya. Na farke zare, ashe takarda ce. A ajin yaƙi da jahilci ya koyi boko, rubutun kamar kaji sun yi dambe a kai:

"Malama, in rigar ta matse ki dawo. In ba ta matse ba ma ki dawo."

Na ɗauki jan alƙalami na gyara masa kurakurai huɗu na mayar. Riga ta biyu ta zo da amsa: "Na gode. Ga wasu kurakuran, don kada aiki ya yanke miki."

Wata shida, riguna bakwai. Gwaggo ta dube ni wata rana ta ce, "Ke wai jikinki nawa ne?"

Da ya aika kawunsa wajen Baba neman aurena, hutu ya kama, na tafi gida. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana.

"Ke. Ɗan wa ne?"

"Inna, tela ne, yana da sana'arsa, ba ya shan taba, ba ya..."

"Na ce ɗan wa ne."

"Ɗan Zarami."

Ba ta ɗago ba. Hannunta dai ya tsaya a cikin shinkafar. Can ta ce, "Ranar da jinin mutumin nan ya shigo gidan nan, ki nemi wata uwar."

Na ruga zaure wajen Baba. Yana zaune a kan buzunsa, yana murza wuyan hannunsa. Bai dube ni ba, ya ce, "Abin da uwarki ta ce."

Na ga tabon nan, zuciyata ta kumbura. Na ce lallai ni 'yar jarumi ce, me ya kai ni? A ranar na yagi takarda daga littafin shirya darasi na rubuta wa Ja'afaru: "Ni 'yar wanda aka ɗaure ce, kai ɗan wanda ya yi fito ne. Kada ka ƙara ɗinka mini ko aljihu." Har layi na ja a ƙarƙashin kalmar fito. Da rula.

Kwana tara shiru. Sannan amsa ta zo, ba a kalmasa ba, a ambulan kamar ta ofis:

"Malama, shekarata tara a lokacin. Da hannuna na taya babana zuba laka a jirginsa, kuma ni da innata muka tono shi bayan ruwa ya janye. Kin yi karatu. Ki tambaya. In kin samo gaskiya, ko wace iri ce, ki faɗa mini."

Na nemi kuskure ko ɗaya in sa wa jan alƙalami, ban samu ba. Sai na zauna ina lissafi irin wanda ya kamata in yi tun farko. Jirgin fito cike da laka, mutum ɗaya zai tono shi da hantsi guda? In kuma soja sun haye har tudu, me ya sa goma sha ɗaya kawai suka kama, suka bar sauran? Shekara goma sha biyar ana ba da labarin nan, ba wanda ya yi wannan tambaya. Na ce ni zan yi. Ina taƙama, ina ganin zan wanke saurayina in ba ƙauyawa kunya.

Na fara da Kofur Bala, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka dawo. Na same shi a rumfarsa yana gyaran taru, sanye da tsohuwar rigar soja da ba maɓalli.

"A'a, Malama ƙarama! An ce kin iya Turanci. Ce lef-rai mu ji."

"Baba Kofur, a ina aka kama ku?"

"Ikon Allah. Ba gaisuwa sai tuhuma? Aikin ɗan sanda aka koya miki a Kanon?"

Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na miƙa masa goro. Ya ɓantara, ya ce, "A mashigin Zarami, gindin tsamiya."

"Ba a tudu ba?"

"Wa zai kai soja tudu? Da waɗannan takalman nasu? Burugu ma kaɗai ya ishe su."

"To me ya kawo ku bakin gari?"

Ya ajiye tarun.

"Da kanmu muka zo, a kan gorunanmu. Lugude muka ji."

Na ce, "An kife turame, Baba Kofur."

"An kife. Wani ya tashi. Kwana huɗu muna cin bado da ɗanyen kifi, sauro ya mai da mu kamar masu ƙyanda. Da hantsi sai ga daka a kan ruwa, tas-tas. Masu hankalinmu suka ce a dakata, turmi ɗaya ne, da soja sun tafi da gari duka ya ɗauka. Mu goma sha ɗaya yunwa ta fi mu wayo."

"Zarami fa?"

"Yana ɗaure a jikin tsamiya, an cusa masa hularsa a baki. Muna matsowa yana girgiza kai, yana buga ƙafa a ƙasa. Ba mu gane ba sai da muka taka tudu, suka fito daga bayan rumfarsa. Zazzaɓi ya kashe shi a jirgin ruwa tun ba mu kai Bama ba. Ni na rufe masa ido."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na dawo bayan shekara uku na tarar gari ya gama shari'a. Na faɗa sau ɗaya a bakin masallaci, aka ce Bama ta taɓa mini kai."

Ban iya tsayawa ba. Na ce, "Hannun wa ne?"

"Ban ga fuska ba, Malama. Kunne ne ya ji." Ya jawo wata gora, ya ƙwanƙwasa da yatsa: biyu a jere, ɗan shiru, sannan ɗaya mai nauyi. Ya maimaita. "Shirun nan, lokacin ne take cilla taɓarya sama ta tafa."

Masu karatu, tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta yi daka ba. Kafaɗa, in ji ta. Mu muke yi, ko a kai maƙwabta. Amma na sha ganinta tana lallashin autanmu a cinya, tana bubbuga bayansa ba tare da ta sani ba. Biyu a jere, ɗan shiru, ɗaya mai nauyi.

Na ce a raina, mata nawa ne a duniya? Na miƙe na nufi gidan Ya Gumsu mai banda, wadda katangarmu ɗaya da ita. Tana juya tarwaɗa a kan wuta, hayaƙi ya rufe ta.

"Ya Gumsu, ranar da aka kama samari, kin ji daka?"

"Ni kurma ce."

"Jiya daga nan kika ji kazarki ta yi ƙwai a gidanmu."

"Ji mini ɗiya da baki! Bokon ke nan?" Ta yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Ta share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne. "Kowa ya ji, 'yar nan. Mace ɗaya ce a garin nan ke lugude ita kaɗai ya yi kamar na mutum uku. Amma 'yar liman ce, kuma mijinta ya sha rana saboda 'ya'yanmu. Shi kuwa Zarami daga gabas ya zo, ba kabarin kakansa a nan, ga shi an tafi da shi. Ba wanda ya zauna ya shirya ƙarya. Wani ya ce ai a mashiginsa aka kama su, wani ya ce to. Shi ke nan. Ni ma uwata daga gabas take, sai na ja bakina."

"Har da iyayen waɗanda ba su dawo ba?"

"Su suka fi kowa riƙe zancen. Da uwarki Mairo za su ci gaba da haɗuwa a rijiya kullum. Je ki gida. Kuma in kina da hankali ki bar shi a nan."

Ba ni da shi. Abin da na yi bayan nan, har yau in na tuna sai in rufe fuska ko ni kaɗai ce a ɗaki. Bayan azahar, Inna na zaune a inuwar rumbu tana kaɗi. Na mirgino turmi har gabanta, na zuba gero, na ɗauko taɓarya na miƙa mata da hannu biyu, kamar yadda nake miƙa wa ɗaliba alli.

"Inna, yi mini lugude in gani. An ce ba kamarki."

Mazarin ya faɗi daga hannunta ya gangara. Ta dubi taɓaryar, ta dube ni.

"Saude," ta ce.

Tun da aka haife ni, ranar na fara jin sunana a bakinta.

"Rana ta uku harshen babanki ya kumbura, ba ya iya rufe baki. Ƙuda na bin idonsa. Na kai ruwa suka shure ƙwaryar. Na san ba zai yi magana ba, na san kuma ba zai kai jibi ba. Ba wanda ya tambaye ni komai. Ni na je wajen sajen da ƙafata, na ce in na kawo muku su za ku kwance shi? Ya ce za su kwance." Ta dubi turmin. "Ƙaiƙayi na zuba a turmin. Kina bayana. Duk na cilla taɓarya sai ki ƙyalƙyale da dariya."

"Baba ya sani?"

"Yana dandali, ya fi kowa kusa. Bai taɓa tambayata ba, ban taɓa faɗa masa ba."

"Shi ne kika ce jinin Zarami ba zai shigo gidan nan ba?"

"Da wane ido zan dubi uwar yaron nan in kira ta surukata? In ci tuwonta ranar suna?" Ta kamo gefen zanena, uwata, ta kamo zanena. "Ki aure shi. Zan gaya wa Malam na janye. Amma ki rufa mini asiri har in mutu."

Na tsaya da taɓarya a hannu. Ga Ja'afaru an miƙo mini shi, abin da nake kuka a kai. Abin da za a karɓa a wajena kawai shi ne abu ɗaya da ya roƙe ni.

Ranar kasuwa na koma Haɗeja. Na sa rigar farko, shuɗiyar nan mai ganye. Yana kan keke yana ɗinkin wata jamfa, da ya gan ni ƙafarsa ta tsaya.

"Malama. An zo gyaran kuskure?"

"Nawa na zo gyarawa. Ka yafe mini takardar nan."

"Kin tambaya?"

"Na tambaya. Ba babanka ba ne."

"Wannan na sani. Wane ne?"

Na dubi zaren da ke hannunsa, na ce, "Ba wanda ya sani. Tsofaffin duk sun ruɗe, kowa da abin da yake faɗa. Amma Inna ta janye."

Ya dube ni. Sannan ya sa haƙori ya tsinke zaren, ya ce, "To. Allah ya sani."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura. Mahaifiyarsa, Hajja, ta zauna da mu shekara goma sha biyu, tana yi mini wankan jego, tana kirana 'yata. In mun je ƙauye biki, ina jin mata na raɗa in Hajja ta wuce, ga matar mai fiton soja, ni kuma sai in gyara kallabi in yi kamar ban ji ba. Da wannan sunan ta rasu. Da na haifi ɗana na fari, Ja'afaru ya so ya sa masa sunan babansa. Ni na hana. Na ce yara za su tsokane shi a makaranta.

Inna ta rasu a 1979, alkawari ya sauka daga wuyana. Ban faɗa ba. Zuwa lokacin asirin ya daina zama nata, ya zama nawa. Ja'afaru ya ƙara shekara talatin a duniya bayan haka, kullum da safe ina ajiye masa kunu a gefen keke. Sau ɗaya ya sake tambayata, yana jinyar ƙarshe, ya ce, "Malama, har yanzu ba ki samo ba?" Na ce ya sha magani.

'Ya'yanmu shida suna karanta wannan shafi, da jikoki. Ba wanda na taɓa gaya wa a cikinsu.

Zarami bai yi fiton soja ba. Jirginsa na ƙarƙashin ruwa, shi kuma yana ɗaure a jikin tsamiya da hula a baki. Mairo 'yar liman, matar Malam Shu'ibu, ita ta tayar da turmi ta yi luguden da ya fito da samari goma sha ɗaya, ina goye a bayanta. Na sani tun 1958.